Igiyar Bazara

A Tawa, bayan kasuwa, ƙarƙashin rufin kwano,
nake zaune da biro da ƙarfen dalma.
Aikin da aka ba ni bai fi tafin hannu ba:
allon da zai tsaya tsakanin pano da bateri da firigo,
firigon allurar yara, can asibitin Takanamat.

Ga rezistansi, ƙwayar shinkafa mai ɗamara huɗu.
Ta ce ita dubu ce.
Ɗamararta ta zinariya ta raɗa mini:
ko a rage hamsin, ko a ƙara hamsin,
ya danganta da ranar da aka toya ta.
Ban yi gardama ba.
Na sa ɗari tara da hamsin a hagu,
dubu da hamsin a dama,
dubun kuwa na bar wa masu kyakkyawan zato.

Nomau, yaron shago, ya leƙo ta kafaɗata:
"Ai jiya mun gwada, ya yi aiki."
Na ce jiya dare ne, Nomau, ana iska,
bateri ya ƙoshi, kondansater sabo dal.
Wata rana daban nake tambayar allon nan:
tsakar watan Mayu, ƙarfe biyu,
inuwa arba'in da bakwai, cikin akwati saba'in,
bateri ya shekara huɗu yana tari,
waya ta yi tsatsa a bakin ƙusa,
kowane ɗan ƙarfe ya karkata
gefen da ya fi cutar da ni,
dukansu, lokaci guda, kamar sun yi shawara.

"Wannan ranar ba za ta zo ba."
Wataƙila.
Amma in ta zo, ba za ta aiko ba.

Babana Arzika rijiya ya haƙa, shekara talatin,
cikin dutsen Adar mai cin bakin diga.
Bai taɓa yanka igiya da damina ba.
Yakan ce ruwan da ke gaishe ka kusa da baki
zai gudu gaba goma kafin bazara ta tsufa;
auna don ranar, ka ƙara gaba biyu,
sannan ka ce Allah ya kiyaye.

Sai na ƙara tawa gaba biyun.
Inda sha shida ta isa, na sa mai jure bolt talatin da biyar.
Na faɗaɗa hanyar tagulla.
Na sa ɗan ƙarfe mai jin zafi, mai kuka in ya yi yawa.
Alhaji Ma'azu, mai kwangila, ya duba takarda:
"Jika biyu kan kowane allo, don tsoro?"
Na ce don yaro ɗari uku.
Ya yi tsaki. Ya sa hannu.

Wata bakwai, sai waya da la'asar.
Habsu ce, malamar asibiti: akwatin yana ihu.
Ta riga ta kwashe allurai cikin ƙanƙara.
Na hau babur, lissafina na bi na a kai,
layi layi, ina neman inda na yi ƙarya.

Na kwance ƙusa huɗu.
Babu ƙonewa, babu wari.
Zanzaro ne ya gina ɗakunansa na laka
cikin kowace kafar iska, tsaf,
magini ya samu fili kyauta.
Layi sittin da ɗaya a takardata,
babu zanzaro ko ɗaya.

Da na faɗa wa tsoho, ya yi dariya har da tari.
Ya ce shi ma ya taɓa auna igiya daidai,
gara ta cinye ta a rataye.

Yau Nomau na yanka raga don kafofin iska.
Ni kuma na ja layi na sittin da biyu,
na bar sarari a ƙasansa.